Na'urar ƙwallo mai layi a filin maganaɗisu, ra'ayina

Malaman fiziks da ke shan wahala wajen fahimtar da ɗalibai yadda furoton (ƙwayar da ke tsakiyar atom, mai juyi da ɗan maganaɗisu nata) ke layi, wato tangaɗi yana kewaye, a cikin filin maganaɗisu, don Allah ku nemi na'urar nan, wallahi ta fi zanen allo nesa ba kusa ba. Ƙwallon sinuka ne aka dasa masa ɗan maganaɗisu a ciki, yana zaune kan wani ɗan kofi da famfo ke hura iska ta ƙasa don kar ya goga, sai naɗin waya guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su ke samar da filin.

Ka kama ɗan hannun ƙwallon ka murza, ka ɗan karkatar da shi sannan ka ba wayoyin wuta. Kowa jira yake ya miƙe ya bi filin, amma ina, sai ka ga hannun ya kama kewaye a hankali kamar katantanwa in ta fara layi, to nan fa aji ke yin tsit. Ka ninka wutar saurin kewayen ya ninku, ka juya wutar shi ma ya juya baya, kuma ko ka karkatar da yawa ko kaɗan saurin bai canzawa, wannan ɗin ne ɗalibai ba sa yarda sai sun riƙe agogo da kansu. Shi ne layin Larmor, sunan masanin nan Joseph Larmor. Furoton na yin kewaye kusan miliyan 42.58 a sakan a kowace tesla ɗaya (ma'aunin ƙarfin filin maganaɗisu), shi ya sa injin MRI na ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti mai tesla 1.5 ke aiki a wajen megahaz 64, wato kewaye miliyan 64 a sakan, ilektiron kuwa, ƙwayar da ke kewaye tsakiyar atom, nasa ya kai biliyan 28 a sakan a kowace tesla.

Matsalarta, famfon akwai ƙara sai ka ɗaga murya, wayoyin kuma suna ɗaukar zafi in an daɗe. Wadda ta fi damuna ita ce juyin ƙwallon yana raguwa, yana raguwa kuma layin na ƙara sauri, alhali juyin furoton ba ya raguwa har abada, kuma in aka auna shi amsa biyu ce tak, ko sama ko ƙasa. Dole malam ya faɗi wannan da bakinsa tun kafin a kunna, in ba haka ba yara su tafi da cewa furoton ɗan ƙwallo ne. Duk da haka kam a saya, a kuma riƙa goge ƙwallon, ɗan datti kaɗan ke ɓata awon.