Kwamfutar ɗakin bincike: ta tebur, saba ko haya, kuma wa zai riƙe ta?

Da zarar kuɗin tallafin bincike sun shigo, ko daga TETFund ko daga wata gidauniyar waje, abu na farko da ke hawa takardar sayayya shi ne kwamfuta mai ƙarfi. Wanda zai kula da ita kuwa sai ta tsaya ake tunawa da shi. Shawarata ga shugaban ɗakin bincike ita ce ya auna abubuwan biyu tare, domin irin mutumin da kuke da shi ne zai nuna irin na'urar da za ku iya riƙewa.

Mafi sauƙi ita ce kwamfutar tebur mai ƙarfi, irin su Dell Precision, HP Z ko Lenovo ThinkStation. Ɗakin da ke da mutum biyar zuwa goma, masu aiki da harsunan shirya manhaja irin su R ko Python ko masu nazarin ƙwayoyin halittar cututtuka, wannan ta ishe su. Ku fi zuba kuɗi a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta: 64 GB a matsayin mafari, 128 GB in da hali, kuma ya zama mai ECC, wanda ke gyara ƙananan kurakurai da kansa. Lissafin da zai kwana uku yana gudana bai kamata kuskure ɗaya ya rusa shi ba. In kuna amfani da MinION, na'urar karanta DNA ta kamfanin Oxford Nanopore, kada ku sayi kwamfutar ba tare da katin hoto (GPU) na kamfanin NVIDIA ba, don manhajar Dorado da ke mayar da siginar na'urar zuwa haruffan DNA jan ƙafa take yi idan babu shi.

Saba (server) ta kanku, wato babbar kwamfutar da mutane da yawa za su shiga lokaci guda, ita ce ta fi jan hankalin shugabanni, kuma ita ce ta fi cin kuɗi a ɓoye. A ce tana shan wat 500 dare da rana: yunit 360 ke nan a wata. Da farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, naira 81,000 ce, tun ba a lissafa na'urar sanyaya ɗaki ba, wadda ba ta da hutu a garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ga ɗaukewar wuta, wadda ke buƙatar UPS irin wanda kullum ta cikinsa wutar ke bi, da inbata da batura da za su riƙe har janareto ya tashi. Sannan dole a samu wanda ya iya Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da saba, da Slurm, manhajar da ke jera ayyukan mutane a layi. In babu wannan mutumin a cikin albashinku, ku haƙura da saba.

Haya ta intanet daga AWS, Google Cloud ko Microsoft Azure ta raba ku da zafi da ƙura, kuma ta dace da aikin da ke zuwa jefi-jefi, a ce babban lissafi sau biyu a shekara. Sai dai da dala ake biya, kuma bayan da aka saki naira a Yunin 2023 darajarta ta faɗi har kasafin da aka yi kafin nan ya kasa isa. Loda bayanai kyauta ne, fitar da su ake caji: AWS na karɓar kusan senti 9 a kan kowane GB daga cibiyoyinsa na Amurka, wato wajen dala 90 a kan TB ɗaya. Ku kuma duba layinku. Fayil mai 100 GB a kan intanet mai saurin 10 Mbps zai ci awa 22 kafin ya hau, in layin bai yanke ba. Kuma na'urar hayar da ɗalibi ya manta bai kashe ba tana ci gaba da ƙirga kuɗi. In bayanan na marasa lafiya ne, ku tuntuɓi kwamitin ɗa'ar bincike, ku duba Dokar Kare Bayanai ta 2023 kafin su bar ƙasa.

Kafin duk wannan, ku gwada Galaxy, dandalin nazarin bayanan bincike a intanet. Shafin usegalaxy.eu da Jami'ar Freiburg ta Jamus ke gudanarwa kyauta ne, kuma ya ishi ayyukan ɗalibai da dama.

Batun mai kula kuwa, garantin kamfani irin Dell ProSupport ko HP Care Pack galibi ƙarfe yake gyarawa, ba ya girka muku manhajar bincike. Ku tambayi dillali a rubuce: garantin yana aiki a Najeriya? Daga ina injiniyan zai taso, kwana nawa kayan gyara ke yi a hanya? Kayan gwanjo na da araha, amma galibi babu wannan a kansu. Sashen kwamfuta na jami'a zai taimaka da layi da imel, sai dai aiki ya yi musu yawa. Abin da aka fi yi shi ne a jingina komai ga ɗalibi mai ƙwazo, kuma nan ne na fi jin tsoro: ranar da ya kammala digiri ya tafi, kalmar sirri da sanin yadda aka haɗa komai sun tafi da shi. In dole sai ɗalibi, ku biya shi, ku haɗa shi da ma'aikaci na dindindin, komai ya girka ya rubuta.

Aikin farko na wannan mutumin shi ne ajiya. RAID, wato haɗa faifai da dama su yi aiki tare, na kare ku idan faifai ɗaya ya mutu, amma ba ya dawo da fayil ɗin da aka goge ko wanda masu neman kuɗin fansa suka kulle. A yi kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini dabam, kuma a riƙa gwada dawo da fayil daga ciki. Ya kuma leƙa kwamfutocin da ke maƙale da na'urorin gwaji: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka wadda ba za a iya sabuntawa ba a cire ta daga intanet.

Ga ƙaramin ɗakin bincike, abin da zan zaɓa shi ne kwamfutar tebur ɗaya mai Ubuntu LTS, wani nau'in Linux da ake tallafa wa shekara 5, da UPS mai kyau, da ma'ajiyar kwafi, da ɗan kasafi na haya don manyan ayyuka. Ragowar kuɗin da saba za ta ci a sa su a albashin mai kula.