Kafin ka sayi rim a Apo, juya shi ka karanta bayansa

Duk wanda ya shiga layin masu rim a Apo ko Zuba a Abuja, fuskar rim yake kallo, mai shago kuma ita yake nunawa. Amma abin da zai raba gardama yana baya, inda aka buga rubutu irin 16x6.5J ET45. Lamba 16 girman rim ne da inci, 6.5 faɗinsa, 45 ɗin kuma shi ne ofset, wato tazarar milimita tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa hob, ƙarfen da ake ɗaura ƙafar mota a jikinsa. Lambar ET na ƙaruwa, ƙafar na shigewa ciki wajen shoka. Tana raguwa, ƙafar na leƙowa waje.

Ɗauki Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ta cika titunan Abuja. Da 6.5J ET45 ta zo a inci 16. A ce an nuna maka 7.5J ET35. Faɗin ya ƙaru da inci ɗaya, milimita 25.4, rabi ciki rabi waje, ofset kuma ya ragu da 10. Bakin rim zai fito waje da kusan milimita 23, ta ciki kuma ya matsa wajen shoka da kusan 3. A tsaye motar za ta yi kyau. Sai ka ɗauki mutum huɗu da buhun shinkafa ka hau tudun rage gudu, sannan ka ji taya na gogar madigadi. Ko ba ta goga ba, ƙafar da ta fita da yawa tana ƙara wa boris nauyi, sitiyari kuma ya riƙa fizga a rami. A ganina, kada ka yi nesa da lambar kamfani fiye da milimita 5 sai in an gwada a gabanka.

Ramukan noti ma suna yaudara. Camry da Accord masu noti biyar 5x114.3 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai noti biyar 5x100, Peugeot 406 kuma 4x108. Mafi haɗari shi ne rim ɗin Marsandi mai 5x112: ya yi kusa da 114.3 har yaron shago zai iya tura shi ya ɗaure, ya ce "Oga, ai ya zauna." Bai zauna ba. Notin ya karkace, kuma da tafiya zai saki ko ƙusar da ake ɗaure notin a kanta ta karye. Sai ramin tsakiya. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1. Rim ɗin Accord zai shiga Camry amma da sauran fili, sai an sa zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari na iya rawa a kan titin filin jirgi. Na Camry kuwa ba zai shiga Accord ba, kuma kada ka yarda a kai shi wurin mai injin a faɗaɗa ramin da ka.

To, wanne za a saya?

Rim ɗin ƙarfe shi ne na mai tasi da mai shiga lungunan Nyanya da Lugbe da damina. Yana da arha, yana da nauyi, ba shi da kwalliya, amma in rami ya lanƙwasa bakinsa ana iya miƙe shi.

Aloi, wato rim ɗin aluminiyam, na asali ɗan Beljiyam, wanda aka cire daga irin motarka, shi nake ba yawancin mutane shawara. Ofset, ramuka da ramin tsakiya duk na kamfani ne, ba lissafi. Aikinka duba lafiyarsa: bi cikinsa da yatsa ka nemi tsagewa da tabon walda, ka yi shakkar wanda aka fesa wa sabon fenti ta ciki. Sa a ɗora kowanne a injin balansin ka ga yadda yake juyawa. Ka karanta ET na duka huɗun, domin akan haɗa saiti daga motoci daban-daban masu zane iri ɗaya. Aloi da ya tsage aka yi masa walda, bar shi ko nawa aka rage.

Sabon aloi na kasuwa kuwa akwai nagari, akwai na jabu mai ɗauke da tambarin babban kamfani. Yawanci ana yinsa da babban ramin tsakiya don ya shiga motoci da yawa, saboda haka zobe dole ne. Noti ma haka. Aloi na Toyota yana amfani da noti mai wosha, na Honda mai kai zagaye, yawancin na kasuwa kuma mai tsini. Zaren ɗaya ne, shi ya sa ake kuskure, amma mazaunin daban. Nemi a haɗa maka da notinsa, ka duba nauyin da aka rubuta rim ɗin zai ɗauka, musamman in Hilux ce ko Sienna.

Masu son ƙarin inci su tuna tayar ce ke biya. Gefen taya mai lamba 215/60R16 yana da tsayin milimita 129, na 215/55R17 kusan 118, na 225/45R18 kusan 101. Wannan robar ce ke shanye dukan rami kafin ya kai ga rim. A Maitama inci 18 ba matsala. Mai zuwa Mararraba kullum ya tsaya a 16.

Sifesa, farantin da ake sa wa a bayan rim don turo shi waje, tana gyara ofset mai yawa ne kawai, ba ta iya mayar da ƙafar da ta riga ta leƙo. Siririyar da ake zurawa kan ƙusoshin noti tana cinye zaren da noti zai kama.

Kafin kuɗi su bar hannunka, a ɗaura ɗaya a gaba. A juya shi da hannu a ga bai taɓa birki ba, a sauke jak, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a zura hannu tsakanin taya da shoka. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, koma wurin mai faci ya sake bin notin.