Sharhi kan bugun Littafi Mai Tsarki mai littattafai 73

Wannan bugu ya ƙunshi littattafai bakwai da Katolika ke karɓa, waɗanda babu su cikin 66 na Furotesta, don haka zai amfani mai son sanin tushen saɓanin ɓangarorin biyu. Bayanin da ke ƙasan Makabiyawa na Biyu (ɗaya daga cikin littattafai bakwai ɗin) sura 12, inda Katolika ke kafa hujjar yi wa matattu addu'a, ya fito sarai, har an ambaci Majalisar Tirent, taron shugabannin cocin Katolika, da ta tabbatar da littattafan a 1546. Sai dai kan ceto ta wurin bangaskiya kaɗai, an taƙaita hujjar Martin Luta, jagoran Furotesta na farko, daga Littafin Romawa fiye da kima, kuma neman roƙon tsarkaka bai samu isasshen bayani ba. Ɗaurin littafin yana da ƙwari, amma takardar ta yi shara-shara.