Yankari ko Masai Mara: ina Basakkwace zai nufa?

Duk mai son kallon namun daji daga Sakkwato, wurare biyu ake yawan ambata masa.

Yankari tamu ce, a Jihar Bauci, an keɓe ta tun 1956. Mota kawai za ka hau, ka bi ta Gusau da Funtuwa, tafiyar yini guda cur, kuma ka yi ta da rana. Lokacinta shi ne rani, daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna da gwanki suka dogara da kogin Gaji. Zaki kuwa, sai mai rabo. Amma ga Wikki, ruwan ɗumi garai-garai har kana hango yashin ƙasansa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana. Gwaggon biri ne 'yan sintirin masauki: ka bar taga a buɗe, burodinka ya tafi.

Masai Mara ta Kenya wata duniya ce. Fili fetal, zakuna kwance a gefen motar yawo, raƙuman dawa na kiwo. Tsakanin Yuli da Oktoba dabbobi fiye da miliyan, ciki har da jakunan dawa, suna ƙetaro kogin Mara daga Sarangeti, gandun dajin Tanzaniya da ke maƙwabtaka da ita, kadoji na dakonsu. Sai dai fa akwai fasfo, da jirgi zuwa Nairobi, da kuɗin shiga da dala.

Mai iyali da yara, ni dai Yankari zan ce masa, ko don wankan Wikki.