Kwana uku a kwalekwalen wani dattijo a tafkin Nguru

Jama'a assalamu alaikum. Tunda na dawo daga Nguru ake ta tambayata wai waye ya shiga da ni cikin ruwa, ya aikin nasa yake, kuma ko zan ba da shawara a neme shi, to bari dai in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ni ɗalibin kimiyyar ƙasar noma ne, aikina na kammala karatu a kan kachalla ne, wata doguwar ciyawar ruwa, da irin ɓarnar da take yi wa ƙasar fadama, shi ya sa a watan Janairu na ɗauki ƙarfen haƙa da ledojin zuba ƙasa na nufi fadamar Hadeja-Nguru. Wani ɗan ajinmu ɗan garin shi ya haɗa ni da wani dattijo masunci da ya saba ɗaukar masu bincike da masu ƙidayar tsuntsaye. Ba zan kama sunansa ba don ban nemi izininsa ba, Baba kawai nake ce masa shi kuma ya ce min ɗana.

Ga wanda bai san wurin ba, kogin Hadeja da na Jama'are ne suke gangarowa su bazu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Jigawa da Yobe, daga nan su haɗu su zama kogin Yobe ya nufi tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka saka a jerin dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayi, a shekarar 2000.

Kullum da an sallame asuba muke fita, ga sanyin hunturu ga hazo ko gabanka ba ka gani sosai. Kwalekwalen na katako ne babu inji, da doguwar gora yake tura shi, da farko na so in yi ƙorafi saboda tafiyar ba sauri amma daga baya na gane alfanunsa, mai inji ba zai taɓa ratsa 'yan lungunan da ke cikin kachalla ba, ciyawar ta fi tsayin mutum ta rufe ko'ina, kuma ƙarar inji korar tsuntsaye take yi tun daga nesa.

Abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba shi ne abin da ya faru ranar farko. Na zo da taswira a waya na sa alamar wuraren da zan ɗebi ƙasa, Baba ya kalla ya ce ɗana ajiye wannan tukuna. Ya kai mu wani wuri ya caka gorar can ƙasa ya zaro, ya dangwalo laka a yatsa ya miƙo min ya ce shinshina. Baƙa ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. A aji an koya mana wannan warin alama ce ƙasa ta daɗe a cikin ruwa iska ba ta shigarta, shi kuwa cewa ya yi nan gonar shinkafar mahaifinsa ce, da ruwa kan zo da damina ya janye da rani ƙasa ta bushe ta tsattsage, a girbe shinkafa a bi da wake a kan danshin da ya rage, Fulani su shigo da shanu su ci ciyawar burugu su bar taki. Yanzu ruwan ya ƙi tafiya. Wallahi na daɗe riƙe da lakar nan a hannu ban ce komai ba.

Kuma abin da ya faɗa daidai yake da abin da masu bincike suka rubuta. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 aka zo aka ƙara na Challawa a 1992, duka biyun a jihar Kano ta inda ruwan kogin Hadeja yake gangarowa, tafiyar ruwan ta canja, babbar ambaliyar damina ta ragu sai ruwa kaɗan kaɗan da ake saki har cikin rani, to ita kachalla abin da take so kenan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. In ta kafu sai ta tare yashi da laka hanyar ruwa ta cushe, ruwan ya karkata ya bi ta Marma ya cika ɓangaren Nguru, su kuma na can ƙasa wajen Gashuwa su rasa. Ga jan baki sun samu maɓoya a cikinta, su fito dubbai su sauka a gonar shinkafa ko gero, ga sauro. Shi ya sa nake jin haushi in na ji ana maganar noman rani a Kano kamar ruwan ba shi da masu shi a ƙasa, alhali tun farkon shekarun 1990 aka yi nazarin da ya nuna in ka haɗa kifi da noma da itace, amfanin da fadamar ke bayarwa a kan ruwan da take sha ya fi na manyan gonakin ban ruwa na sama.

Wajen tsuntsaye kuwa ba a magana. Baba ya nuna min kirinjijiya da dinya da zalɓe, yana jin kuka kawai ya faɗi mai shi, sannan ya ware min waɗanda yake kira baƙi, agwagin da ke tasowa daga Turai su ratso Sahara su yi hunturu a nan. Na tambaye shi gauraka fa, ya girgiza kai ya ce ya manta rabon da ya ga ko ɗaya.

Yanzu abin da bai yi min ba, don gaskiya ɗaya ce. Babu rigar kariya ta ruwa ko guda, kwalekwalen kuma yana yoyo, jikansa ne zaune a tsakiya da ƙwarya yana ta kwarfewa, wanda bai iya iyo ba hankalinsa ba zai kwanta ba. Babu tsayayyen farashi, ku yi ciniki ku gama kafin ku hau kuma ku faɗi awa nawa, don rana ta biyu ya tsaya duba ragarsa muka ɓata wajen awa biyu yana ciro tarwaɗa da karfasa, wurare biyu ban samu ɗiba ba ranar. Na yi masa magana cikin ladabi ya ce yi haƙuri ɗana, washegari kuwa ya rama min har bayan la'asar bai karɓi ƙari ba. Sabis na waya yana ɗaukewa a ciki, ku sauke taswira tun a gari, ku zo da ruwan sha da hula da takalmin roba mai tsawo, kar a shiga ruwan nan ƙafa tsirara saboda tsargiya.

Duk da haka in zan koma shi zan nema, kuma duk ɗalibin da zai yi aiki a can ina ba shi shawara ya samu masunci ɗan wurin irinsa tun kafin ya zana wuraren ɗibar samfuri, ba bayan ya zana ba.

Ranar da za mu rabu yana taya ni ɗaure ledoji ya ce, ku 'yan boko kuna zuwa ku ɗebi ƙasarmu ku ƙirga tsuntsayenmu ku tafi, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce Baba ga abin da muka gano. Maganar nan ta tsaya min a rai. Samfuran suna ɗakin gwaji yanzu, in Allah ya yarda da sakamako ya fito zan rubuta shi da Hausa in koma Nguru in karanta masa a bakin ruwa, kuma zan tafi masa da rigunan kariya guda biyu, ɗaya ƙarama daidai jikan nan nasa.