Wata takwas da MicroFreak a sitidiyona na Titin Gidan Zoo

Duk wanda ya daɗe yana hawa benayen Titin Gidan Zoo ya san abin da zan faɗa. Ka tsaya da yamma bayan La'asar, waƙa tana fitowa ta tagogi uku ko huɗu, mawaƙan daban, baitocin daban, amma sarewar ɗaya ce, jitar ɗaya ce, har gangar ma kamar uwa ɗaya ta haife su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancinmu a kan fiyanon Yamaha PSR muka koyi aiki, daga baya muka koma manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, muka riƙa miƙa wa juna tarin sauti iri ɗaya a filashi. Ban raina fiyano ba, shi ya ciyar da ni shekara da shekaru. Sai dai akwai ranar da na kunna waƙar da na haɗa da hannuna a cikin Adaidaita Sahu, na kasa gane tawa ce sai da mawaƙin ya buɗe baki. Abin ya tsaya mini a rai.

Shi ya sa da wani abokina mai sayo kayan sauti daga kasuwar Alaba ta Legas ya ce ya ga wata ƙaramar na'urar ƙirƙirar sautin kiɗa mai suna MicroFreak, ta hannu mai tsabta, na ce ya taho da ita. Kamfanin Arturia ne ya ƙera ta, suna birnin Grenoble a Faransa, kuma ta fito a 2019 a kan kusan dala 300. Nauyinta bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, tana shiga jakar laftof ta bar wuri. Ranar da na fito da ita daga kwali, yaron da ke koyon aiki a wurina ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Oga, ina maɓallan suke?" Yana da gaskiya. Ba ta da haƙoran fiyano da ake dannawa su nutse. Allo ne shimfiɗaɗɗe da aka zana wa gurbi 25, yana jin taɓin fata kamar fuskar wayar hannu. Mako biyun farko na sha wuya, domin hannun da ya saba da nauyin maɓalli sai ya riƙa zamewa yana taɓa na kusa.

Amma a wannan allon ne amfaninta yake. Yana auna yawan fatar yatsan da ta kwanta a kansa. Ka taɓa da tsinin yatsa, sauti ɗaya. Ka kwantar da yatsan a hankali, sautin ya sauya, kuma kowane yatsa da nasa lissafin. A saman na'urar akwai wani ɗan jadawali na fitilu, layi 5 a kwance, 7 a tsaye, inda kake ɗaura abu da abu, ka ce wannan shi zai juya wancan. Da na ɗaura nauyin yatsa a kan tashi da saukar murya, sai na ji abin da na daɗe ina nema a kwamfuta ban samu ba. Kalangu ba ganga ce mai murya ɗaya ba. Makaɗi yana matse igiyoyin a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau, ya saki ta sauko, da haka take bin karin harshen Hausa har ta kira sunan mutum. Sautin kalangun da muke da shi a filashi bugu ɗaya ne da aka naɗa, kullum a tsaye yake kamar sanda. A nan kuwa, na zaɓi injin sautin da suka kira Modal, wanda ke kwaikwayon amon abu mai rami idan an buge shi, na gajarta wutsiyarsa, na riƙa bugawa ina kwantar da yatsa. Muryar ta riƙa lanƙwasa.

Ban yarda da kunnena ni kaɗai ba. Akwai wani dattijo makaɗin mahauta da muke gayyata idan aiki ya buƙaci kalangu na gaske. Ranar da ya zo, bayan mun gama ɗaukar nasa, na ce, "Baba, don Allah saurari wannan ka gaya mini gaskiya." Ya sa hedfon, ya rufe ido, na buga masa. Ya ɗan jima bai ce komai ba, sannan ya cire ya ce, "Yaro, tana ƙoƙarin magana, amma ba ta da ciki." Nan take na gane nufinsa. Lanƙwasar ta samu, amma kaurin itace da fatar da ke dukan ƙirji babu. Tun daga ranar na daina neman ta maye gurbinsa. Abin da nake yi yanzu, nasa bugun ne a ƙasa, nata a sama siriri yana amsa masa, kamar 'yan amshi. Haɗin yana da daɗi ƙwarai, kuma ban ji shi a wani sitidiyo ba.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen tsirkiya. Cikin injinan sautinta akwai mai suna KarplusStr, daga dabarar da Kevin Karplus da Alex Strong suka wallafa a 1983. Dabarar mai sauƙi ce: a saki ɗan guntun ƙara, a riƙa mayar da shi yana zagaye cikin sauri, kowane zagaye ana rage masa kaifi, sai kunne ya ji kamar an fizgi igiya tana mutuwa a hankali. Da na rage tsawon amon, na ɗan rufe matatar sauti, sai ga wani abu tsakanin gurmi da kuntigi, busasshe, mai ɗan ƙaiƙayi, ba irin jitar fiyano mai santsi ba. Matatar nan ta analog ce, wato wutar lantarki ce ke ratsa ta kai tsaye ba lissafin kwamfuta ba, shi ya sa idan ka murɗa ta sautin ke yin taushi ba tare da ya mutu ba. Sannan ana iya kulle allon a kan ma'aunin murya biyar, wanda akasarin waƙoƙinmu na gargajiya ke tafiya a kai. Idan ka yi haka, duk inda yatsa ya faɗa yana cikin gida. Yaron nan nawa da bai iya fiyano sosai ba ya fitar da wani salo a kai wanda muka sa a waƙar biki.

Wani abin da ya kamata a yaba, na'urar ba ta tsaya yadda aka sayar da ita ba. Wasu injinan nata an ɗauko su ne daga wani injin sauti mai suna Plaits na kamfanin Mutable Instruments, wanda aka saki lissafinsa kyauta ga kowa, daga baya aka ƙara uku na kamfanin Noise Engineering, aka ƙara vokoda mai sa murya ta bi kiɗa. A 2023 sabuntawa ta biyar ta kawo damar loda sautin da ka naɗa da kanka, ma'ajiyar sauti kuma ta kai 512. Duk wannan ba a biyan ko kwabo, data kawai za ka saya. Tawa ta zo da tsohuwar manhaja, na sabunta ta da kebul ɗin USB cikin 'yan mintuna.

Sai maganar wuta, wadda ko ba a tambaya ba dole ɗan Kano ya yi ta. Ba ta da batir a ciki, amma tana tashi da USB, don haka idan an ɗauke wuta fawa banki ya ishe ta. Na sha zama a duhu da ita da hedfon ina ƙirƙirar sauti ba tare da na tayar da janareta ba, kuma a tsadar man nan wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma da hunturu ya shigo a watan Disamba, sai allon ya fara yi mini gardama, in taɓa ya yi shiru, in sake taɓawa ya amsa. Hankalina ya tashi, na ɗauka an sayar mini da mai lahani. Ashe abu biyu ne suka haɗu. Irin wannan allo yana aiki ne da ɗan lantarkin jikin mutum, busasshiyar fata mai kaushi kuwa ba ta isar da shi sosai. Na biyu, yana son a haɗa shi da ƙasa, fawa banki kuwa ba shi da wannan, soket ɗin ɗakina ma da aka buɗe, ashe wanda ya ja wayar ginin bai haɗa ƙafa ta ukun da komai ba. Na kira mai gyaran wuta ya ja wayar ƙasa, na koma amfani da cajarta, na kuma riƙa ɗan jiƙa hannu in goge kafin in fara. Matsalar ta kau. Kada dai ka shafa basilin ka hau kanta, ƙurar hunturu za ta manne a allon. Ni yanzu kullum da ƙyalle nake rufe ta.

Akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya zaro kuɗi. Mafitar sautinta ɗaya ce, ba hagu da dama ba. Ba ta da amsa-kuwwa ko wani kayan ƙawata sauti a cikinta, don haka idan ka ji ta tsirara za ka ce ta bushe. Sai ka shigar da ita ta sankad, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, zuwa FL Studio ka yi mata ado a can. Murya huɗu kawai take ɗauka lokaci guda, su ma matata ɗaya suke bi. Ba ta da tarin ganguna da salon rakiya irin na PSR, wanda mutum ɗaya zai danna ya cika filin biki. Wanda ke zuwa kiɗan taro, ko wanda yanzu zai buɗe sitidiyo da kuɗin abu ɗaya, ya fara da fiyano da sankad da makirfo mai kyau. Wannan ta mai kayan aiki ce da ya gaji da jin kansa a bakin kowa. Kuma ba kowane mai gyara a Sabon Gari ya taɓa buɗe irinta ba, saboda haka a riƙe ta da kulawa, kada a ba kowa aro.

Yawancin sautukan da ta zo da su na kiɗan Turai ne, masu ƙugi da kuwwa, ban sami wurin sa su a waƙar soyayya ko ta yabo ba. Na goge da yawa na zuba nawa. Yanzu ina da wajen talatin da na gina da kaina, na raɗa musu suna irin su Gurmi Dare da Amshin Baba.

Makon jiya wata mawaƙiya ta zo ɗaukar waƙar kamun amarya. Da muka kai amshi na biyu na shigo da tsirkiyar nan a bayan muryarta, sai ta ɗaga hannu daga cikin ɗakin ɗauka ta ce, "Yaya, wa ya zo da gurmi?" Na nuna mata allon ta gilashi. Ta ce in bar shi har ƙarshen waƙar, in kuma ƙara masa ƙarfi a wurin da ake kiran sunan amarya. Ranar Asabar Baba zai dawo da wani abokinsa mai gurmi na gaske, zan naɗi fizga ɗaya ɗaya daga hannunsa in loda a cikinta, in ji yadda za su zauna tare.