Tabon rawaya a fatar ido: lab ɗin unguwa ko likitan fata?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaya ko lab ɗin unguwa (wurin gwajin jini) za ki je ko likitan fata. Ki tafi wajen likitan fata. Wannan tabon mai ruwan ɗorawa da kika ce ya fito miki a fatar ido ta wajen hanci, ba ƙaiƙayi ba zafi, ni ma na yi shi, ido biyun.

Lab ɗin da na fara zuwa a nan Agege ba su cuce ni ba. Sun ɗibi jini, sun miƙo min takarda cike da lambobi, aka ce kolestirol ɗina, wato kitsen jini, ya hau, in rage mai da nama. Iyakar abin ke nan.

Maƙwabciyata ce ta ja ni zuwa LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba. Likitar da ta gan ni ba ta tsaya a ido ba. Ta duba gaɓoɓin yatsuna da gwiwar hannu, sannan ta ce in cire safa, ta murza agarata. Nan ta ji wani kauri da ni mai ƙafar ban taɓa lura da shi ba. Sai ta tambaya ko a gidanmu an yi wanda ciwon zuciya ya kama da sauran ƙuruciyarsa. Hajiya, hawaye ne suka zo min. Babanmu, Allah ya jiƙansa, bai kai hamsin ba ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Mile 12, mu kuwa duk shekarun nan jifa muke zato.

Likitar ta ce sunan tabon zantelasma, kitsen jini ne ke taruwa a ƙarƙashin fata. Shi kansa ba ya illa, kuma kusan rabin masu shi gwajinsu lafiya lau yake fitowa, don haka kar hankalinki ya tashi tukuna. Amma in ya haɗu da kaurin agara, yana nuna hawan kolestirol na gado, wanda ake samu a wajen mutum 1 cikin 250, kuma kowane ɗa da ka haifa ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi ne. Irin wannan rage mai kaɗai ba ya saukar da shi. Likitar ta ƙara min gwajin suga, hanta, ƙoda da tayirod (wata halitta a gaban wuya), domin matsalarsu ma tana hawar da kitsen jini, sannan ta ɗora ni kan ƙwayar statin mai rage kolestirol. An gwada yarana huɗu, babbar ta gada, yanzu tare muke zuwa asibiti.

Ki yi hattara da masu tallar man shafawa a Facebook da kasuwa, masu cewa kwana uku tabon ya goge. Na saya kafin in je asibiti, ashe mai ƙona fata ne. Fatar idona ta saluɓe, baƙin yana nan har yau, rawayan kuma ya dawo. Haka masu na'urar nan da ake riƙewa a tafin hannu wai kwamfuta ta karanto cutarka, ƙarshenta su sayar miki da kwalaben magani. Kolestirol sai an ɗibi jini ake saninsa. In ma cirewa kike so, likita ke yi, kuma zai gaya miki yana iya dawowa.

In kin fi kusa da Ikeja, LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, su ma suna da likitocin fata. Ki je da sassafe ba ki karya ba, don ana iya neman awa 9 zuwa 12 ba abinci kafin ɗibar jini. Kafin ranar, ki kira manya a gida ki tambayi wa da wa zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya kama, da shekarunsu. In kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa kafin a rubuta miki statin. Allah ya ba ki lafiya.